Surukin Kyaftin

Sana'ata sayen tumaki da awaki. Da jan igiyar wasu na fara a kasuwa, har Allah ya sa na zama mai motar da ake yi wa lodi. Idan aka kawo mini rago, kafin mai shi ya gama rantsuwa na buɗe bakinsa na duba haƙora, na san shekarunsa, na san ko zai ƙara kiwo ko wuƙa ce ta kamace shi. Ban taɓa barin tsohuwar tunkiya ta daɗe a hannuna saboda sabo ba. Na faɗi wannan ne don a san cewa mutumin da ya riƙe ƙungiyar ƙwallon unguwarmu ta Limawa har 'yan wasanta suka yi furfura a cikin fili ya san tsufa sarai, amma a bakin dabba.

Babu wanda ya zaɓe ni manaja. Da can ni ma ina bugawa, a baya ta hannun dama, har gwiwa ta ƙi, tumbi kuma ya zo ya ƙarasa aikin. Ranar da na sayo wa ƙungiya sababbin riguna aka fara kirana Manaja cikin wasa, sunan ya zauna. Aikina shi ne in kawo ɗan wasa, in sallami ɗan wasa, in ba da mota idan za a je wani gari, in sayi ruwa da lemo. Na yi uku daga ciki da kyau. Sallama ce ban taɓa yi ba.

Kyaftin ɗinmu mai walda ne, abokina tun muna samari. Ni da shi da wasu 'yan tsiraru muka share filin da ke bayan makarantar firamare, muka tone duwatsu, muka cire ƙaya da hannunmu, shi ya haɗa mana ƙarafan raga a shagonsa. A tsakiya yake bugawa. Lokacin da yake kan ganiyarsa, idan ya riƙe ƙwallo sai ya ga dama ake karɓa. Golanmu kuwa malami ne, ɗan gidan malamai, yana koyar da karatu a makarantar mahaifinsa, kowa Malam yake ce masa har abokan karawa. Da waɗannan mutane muka ɗauko kofi a gasar da ake yi tsakanin unguwanni da garuruwan kusa, aka zagaya da mu cikin Dutse a bayan motar awakina, ana ta busa.

Shekaru suka yi ta wucewa, rigunan suna canjawa, mutanen cikinsu ba sa canjawa. Sai ya zama kafin a fara wasa warin man zafi ya cika fili. Kyaftin in ya yi gudu ɗaya sai ya dafa ƙugu yana kallon sama kamar mai duban hadari. Malam ya fara ganin ƙwallo ne bayan ta wuce shi, ya bi ta da salati. Muka koma ƙasan teburi muka yi zamanmu, shekara bayan shekara.

Samarin unguwa suna da tasu ƙungiyar, suna bugawa a wani tsandauri a gindin dutse, inda ƙwallo ke tsalle yadda ta ga dama. Suka kai ƙara wurin mai unguwa cewa iyayensu sun tare fili mai kyau suna jan ƙafa a kai. Mai unguwa ya kira ni. Mutum ne mai sanyin magana, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Alhaji, ba na son in tashi manya saboda yara. Amma bana in kuka sake zuwa na ƙarshe, filin makaranta ya koma hannunsu. Ka ji da kunnenka." Na ce na ji.

Za a ce me ya hana ni zuba samari tun tuni. Na gwada. Duk yaron da na ɗauko daga waje mai ƙafa, da ya yi kaka ɗaya sai wata ƙungiya daga Kano ko Haɗeja ta yi masa ƙyalli da takalmi, ya tafi ko sallama babu. Yaran unguwa kuma sun ce ba za su zo su ɗumama benci suna kallon baffanninsu suna haki ba. Hanya ɗaya ta rage, in cire tsofaffin. To, wannan ya zo sunan 'ya'yana duka, wancan ya kwana da ni a asibiti, ɗan bayanmu na hagu shi ya kama makarar mahaifina ta gaba. Na sha shirya maganar a mota, in na iso na ga fuskar mutum sai in tambaye shi iyali.

Ana cikin haka na je kasuwar Garki. Lodi ya yi jinkiri, na tsaya kallon wasan yamma a gefen gari don in kashe lokaci. Sai ga wani saurayi dogo siriri, yana wuce mutane kamar an dasa su, ƙafar hagu da ta dama duk ɗaya a wurinsa. Na tambayi na kusa da ni ko ɗan wane gida ne. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, ai naku ne. Shi ke auren babbar 'yar mai waldan nan na Limawa." Na je ɗaurin auren kuwa, amma ango cikin babbar riga da rawani ba a ganin ƙafarsa.

A nan ne basirar kasuwa ta motsa mini. Na ce a raina, dabbar da ke da igiya ba ta ɓata. Wannan yaro aure ya ɗaure shi da mu, babu mai zuwa daga Kano ya raba shi da gidan surukinsa. Ban tashi daga Garki ba sai da na yi magana da shi da yayansa. Na samar masa keke mai ƙafa uku da zai riƙa ja a Dutse, na samar musu ɗaki a unguwa. Duk hanyar dawowa ina yaba wa kaina, awaki suna amsawa daga baya.

Da na gaya wa Kyaftin, bai yi murnar da na zata ba. Ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa ya ce, "Manaja, ka yi tunani kuwa?"

Na ce, "Tunanin da ban taɓa yin irinsa ba."

Ya ce, "To, Allah ya sa alheri." Ni kuwa na ɗauka kishi ne irin na tsohon ɗan wasa.

Ranar atisaye na farko ɗan Garki ya zo da dogon wando. Yana hango Kyaftin ya tuɓe takalman ƙwallonsa, ya taka a safa har tsakiyar fili, ya durƙusa ya gaishe shi, kansa a ƙasa. Kyaftin ya amsa yana kallon wani gefe, sannan ya ɗauki jakarsa ya zagaya bayan aji don ya canja kaya, abin da bai taɓa yi ba tunda muka share filin. Na ce wa yaron ya sa gajeren wando. Ya ce, "Alhaji, a gaban Baba?" Da aka raba ruwa ya karɓi nasa ya riƙe har aka tashi, don ba zai sha surukinsa yana gani ba. Duk wannan na gani da idona, na ce zai saba.

Bai saba ba. A wasan farko ya yanke mutum uku, ya zo shi da gola ido da ido, sai ya taka ƙwallo ya waiwaya. Kyaftin yana can baya yana tahowa da iyakar abin da Allah ya hore masa. Yaron ya jira shi, ya gangara masa ita a hankali kamar mai miƙa goro. Kyaftin ya iso numfashi ya ƙare, ya ɗaga ta sama da raga, ta faɗa gonar gyaɗar maigadin makaranta. Haka aka yi ta yi. Ba ya iya kiran Kyaftin ya ba shi ƙwallo, sai dai ya tsaya a inda babu kowa ya yi shiru, ko Allah zai sa a gan shi. Kyaftin shi ma ya daina faɗan da ya saba yi wa 'yan wasa, don kada mijin 'yarsa ya ji irin kalmomin da ke bakinsa. Na kawo mutum ɗaya, na rasa biyu.

Abokan karawa ba su daɗe ba suka gano. Suka daina tsaron ɗan Garki, suka sa mutum biyu a kan Kyaftin. 'Yan kallo kuwa suka samu waƙa. Da yaron ya taɓa ƙwallo sai fili ya ɗauka, "A kai wa Baba! A kai wa Baba!" Har a kasuwa, in ina taya akuya, sai wani dillali ya leƙo ya ce, "Alhaji, in ka saya a kai wa Baba."

Na tare yaron wata rana a bakin titi, na shiga bayan kekensa kamar fasinja. Na ce, "Kai, na ɗauko ka ne ka ci ƙwallo, ba ka yi ladabi ba."

Ya ce, "Alhaji, wallahi ina so. Ƙafar ce take ƙi. In na ɗaga zan buga sai in ji kamar na sa hannu a kwano kafin shi."

"To ka rufe ido."

"In na rufe ido muryar hakinsa nake ji. Kuma in na ci shi bai ci ba, na koma gida me zan ce wa 'yarsa?"

Na ce, "Ka ce mata kun ci!" Ya yi dariya, ya ƙi karɓar kuɗin mota, ya sauke ni a inda ya ɗauke ni.

Wasanmu na ƙarshe da mutanen Taura ne, a filinmu. In muka ci mun tsira da fili, in ba haka ba shi ke nan. Na kwana biyu ina juya abin, na ga babu makawa. Na tafi shagon Kyaftin da hantsi, na same shi yana haɗa ƙofar wani. Na zauna a kan tsohuwar taya na fara yadda na saba farawa in zan karya farashi, wato da yabon kaya. Na tuno masa kofin da muka ɗauko, na tuno masa wata ƙwallo da ya ci daga tsakiyar fili. Ya ɗage gilashin walda zuwa goshi ya ce, "Manaja, ba rago kake tayawa ba. Faɗi abin da ya kawo ka."

Na ce, "Ina so ka huta ranar wasan Taura."

Ya ce, "Benci ke nan."

Na ce, "Ba benci ba. In kana benci yana ganinka."

"To ina?"

"Bayan katangar makaranta."

Na sayi dabbobi a hannun mutanen da suke kuka saboda fari ya tilasta musu sayarwa, ban taɓa jin nauyin ciniki irin na ranar ba. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma, hannun da babu abin da ya taɓa shi. Ya ce, "Filin da na cire wa ƙaya. Yau ni ake ɓoyewa kamar kayan sata." Sannan ya ce, "To, bari mu yi ta a fili. In na tafi kuka ci, gari zai ce dama ni ne ciwon. Na yarda, zan ɗauka. In kuka sha kashi fa, ba na nan?"

Na ce, "Sai a ce ni ne."

"Duka?"

"Duka."

Ya miƙo hannu ya ce, "Na sallama." Muka tafa kamar a kara, wurin cinikin dabbobi. Na fito ina ganin na yi riba, don a lissafina babu yadda za a yi mu faɗi.

Ranar wasa na ce wa Malam ya gaya wa ɗan Garki cewa Baba ya yi tafiya. Malam ya ce shi ba zai yi ƙarya saboda tamaula ba, abin da zai iya faɗa shi ne Baba ba ya cikin fili. Hakan ma ya isa. Yaron ya duba gabas ya duba yamma, ya shiga aji ya fito da gajeren wando. Ranar muka fara ganin ƙaurinsa. Kafin a tafi hutun rabin lokaci ya zura biyu, ta biyun ma sai da ya zaunar da golan Taura a ƙasa. Masu waƙar a kai wa Baba suka koma kiran Manaja. Na gyara zaman hulata, na riƙa takawa a bakin layi hannu a baya, ina gyaɗa kai kamar wanda ya san abin da zai faru tun bara.

Da aka dawo, yaran Taura suka lura da abin da kowa ya sani, cewa mutum ɗaya ne ke gudu a cikinmu. Suka zagaye shi, suka bar sauran da shekarunsu. Ƙwallon farko da suka zura mana daga nesa aka bugo ta, Malam ya yi tsalle bayan ta riga ta kwanta a raga. Ta biyu, ɗan bayanmu na hagu ya bi wani yaro da bai kai ɗansa na uku ba, tsoka ta ɗaure masa, ya zauna a ƙasa yana kiran sunan Allah. Na juya benci in sa wani. Mutum na farko yana jan carbi, na biyu jikansa na kan cinyarsa, na uku ya cire takalmi tun hutu saboda ƙafa ta kumbura. Dukansu ni na ajiye su a wurin, shekara da shekaru, da lemo da kyakkyawar magana. Na sa mai carbin. Ta ukun ta tsakanin ƙafafunsa ta wuce.

Da alƙali ya busa tashi ban tsaya gaisawa da kowa ba, na zagaya bayan katanga. Kyaftin yana zaune a kan dutse cikin rigar ƙungiya, ya ɗaure takalmansa tsaf, ƙyallen kyaftin a damtsensa. Ya ce, "Nawa?"

Na ce, "Ai ka ji ihun."

"Daga bakin Manaja nake son ji."

Na gaya masa. Ya kwance igiyar takalmi a hankali ya ce, "Biyun nan, da hagu ya ci ko da dama?" Na ce ɗaya da ɗaya. Ya yi murmushi, ya kawar da kai.

Washegari a teburin mai shayi aka yi watandar laifi, kowa yana yanka yana tura mini. Wani ya ce na mayar da ƙungiya gidan ajiye abokai. Wani ya ce wane irin manaja ne zai haɗa mutum da surukinsa a fili ɗaya, ko a tabarma ɗaya ba a haɗa su. Ɗan bayan da tsoka ta ɗaure wa, wanda saboda makarar mahaifina na kasa cire shi, shi ya fi kowa ɗaga murya, wai tun shekaru biyar da suka wuce ya kamata a yi gyara. Na ce, "Da na fara da kai fa?" Ya ce ai ba shi yake nufi ba. Malam ya ce tsufa hukuncin Allah ne, ba a tuhumar kowa a kansa, amma wanda aka ba amanar duba haƙora ya ƙi dubawa, shi da tambaya.

Ni kuma na tsaya na yi ciniki, don ban saba karɓar kaya a farashin farko ba. Na ce ba ni na sa musu furfura ba. Na ce ba albashi nake biya ba balle in kori mutum, kuma a duk shekarun nan babu wanda ya taɓa zuwa da ƙafarsa ya ce ya gaji. Na ce lokacin da muke ɗauko kofi, da na cire ko mutum ɗaya, waɗannan bakunan ne za su ce Alhaji ya yi kuɗi ya manta mutane. Abin da na yarda nawa ne, na san dabba ana rabuwa da ita ne tun tana da sauran nama, ɗaya bayan ɗaya, ba a jira garke ya tsufa gaba ɗaya. Na san haka, ban yi ba. Sai kuma maganar suruki, wadda ko yaron goye a unguwar nan zai gaya mini, ni kuwa na tafi har Garki na sayo ta da wayona. Na ce in an yi adalci, a ba ni cinya ɗaya da kai, sauran a raba.

Har wasu sun fara gyaɗa kai, sai Kyaftin ya ajiye kofinsa. Ya ce, "Manaja, a shagona me ka ce?"

Na ce, "Wancan ai magana ce tsakaninmu."

"Ka ce duka. Mun tafa."

A sana'ata, wanda ya tafa ya janye ya gama kasuwa. Na ce, "Duka ne." Na biya kuɗin shayin kowa, tunda laifi da shayi a wurin mutum ɗaya suke sauka. Amma har yau in an tambaye ni ni kaɗai, cinya da kai nake cewa.

Mai unguwa ya cika maganarsa, fili ya koma hannun samari. Abu na farko da suka yi shi ne ɗaukar ɗan Garki, wanda igiyar da na yi taƙama da ita ta riƙe shi a unguwa, ta amfani wasu. Sun zo gidana su uku suka durƙusa, wai suna so in zama uban ƙungiya. Na san ma'anar uba a wannan wuri, riguna ne da mota. Na ba su motar, na ce riguna su nemi wani uban.

Kyaftin har yanzu ba ya iya tsayawa a bakin fili, don da yaron ya hango shi ƙafa za ta ƙi. Ya haɗa mana ɗan benci na ƙarfe, muka ajiye shi a bayan katanga, daidai inda bulo ɗaya ya faɗo ya bar kafa. Kafar ba ta isar ido biyu, sai mu riƙa karɓa-karɓa, wanda ke leƙe yana ba ɗayan labari. In yaron ya ci, Kyaftin ya ce, "Ni na ba shi 'ya." Ni kuma in ce, "Ni na sayo shi." Ya ce in matsa, lokacinsa ne na leƙe, kuma in rage murya kada a ji mu.